A daina gyaran ƙafar babur da ido da guduma

Assalamu alaikum, Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani aiki da ake yi wa riƙon sakainar kashi alhali rayuka ne a kansa, wato gyaran ƙafar babur. Sana'ata sassaƙa ƙarfe a kan inji, kuma akasarin ƙafafun da ke zuwa hannuna sai sun biya ta hannun wani tukuna, an taɓa su, taɓawar ta ƙara musu ciwo. Kukan masu su kusan ɗaya ne: an sa sabon boris, bai daɗe ba ya mutu, an sake sawa, ya sake mutuwa, ƙafa tana rawa, kan babur yana kaɗawa in an ɗan taka wuta. Daga nan sai a ɗora laifi a kan boris, a ce jabu ne. Akwai jabu, ban musa ba. Amma sau da yawa in na ɗauki ma'auni sai in tarar boris ba shi da laifin komai, mazauninsa ne ya lalace.

Ga yadda abin yake. A ƙafar babur aksil, wato sandan ƙarfen da ya ratsa tsakiyar ƙafar, ba ya juyawa, cibiyar ƙafar ce ke juyawa, tare da zoben waje na boris. Saboda haka dole zoben nan ya kame a raminsa ƙam, ya zama kamar jiki ɗaya da cibiyar. Mu ɗauki boris mai lamba 6301, wanda ake samu a ƙananan babura da dama: faɗinsa na waje milimita 37, raminsa na ciki 12, kaurinsa 12. Ramin da zai zauna a ciki ana so ya gaza 37 ɗin da ɗan abin da bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na milimita ba. Silin gashin kan mutum ya fi wannan tazarar kauri nesa ba kusa ba. To wane ido ne zai ga wannan? Wane ɗan yatsa ne zai ji shi? Da zarar ramin ya buɗe ko da kaɗan, zoben sai ya soma zamewa a ciki, kuma da yake shi ƙarfe ne mai tauri, cibiyar kuwa alminiyam ce mai laushi, sai ya dinga cin ta a hankali. Ramin da ke zagaye sai ya koma shigen ƙwai, bakinsa ya fi gindinsa faɗi.

Abin da ake yi in an tarar da boris yana faɗawa rami ba tare da an matsa shi ba, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wani zai samo ƙarfe mai tsini ya bi bangon ramin yana tsattsaga shi da guduma, don gefen kowane tabo ya ɗan taso ya riƙe boris. A ranar zai riƙe kam, mai babur ya tafi yana godiya. Sai dai nauyin babur da na mahayi duk ya koma kan 'yan tsirarun tuddan nan, su kuwa ba su da ƙarfin ɗauka. Ramuka biyu uku a hanya sun isa su kwantar da su, a dawo gidan jiya, har ma a fi da, don yanzu bangon ya ƙara rauni. Wani kuma zai yanko gwangwanin lemo ya naɗa wa boris. Kaurin bangon gwangwanin nan wajen 0.1 ne na milimita, in ka naɗa shi zagaye ka ƙara 0.2 a faɗi ke nan, a wurin da ake neman 0.02. Ko dai ya matse zoben har 'ya'yan boris su rasa wurin numfashi su yi zafi, ko ya tattare gefe guda boris ya zauna a karkace. Kowanne aka samu, mutuwar boris ce.

Kayan awon da ake bukata ba baƙin abu ba ne, sun girmi babur ɗin kansa. Ma'aunin nan mai baki biyu da ke zamewa a kan sanda, sikelinsa Bafaranshe Pierre Vernier ne ya fito da shi tun 1631. Yana da amfani wajen sanin lambar boris ko tsawon wani abu, amma ba shi ne za a yanke hukuncin mazaunin boris da shi ba. Har mai batir ɗin da ke nuna lamba biyu bayan ɗigo, kuskurensa kan kai 0.02 ko 0.03, wato daidai girman abin da kake nema. Aikin na maikiromita ne, ma'aunin da ake murɗawa har bakinsa ya taɓa abin da ake aunawa, wanda wani Bafaranshen, Jean Palmer, ya yi wa rajista a 1848. Zarensa na tafiya rabin milimita a kowane juyi, an raba juyin gida 50, kowane gida 0.01 ke nan. Shi ma sai an iya riƙe shi. Yaro in ya fara koyo yakan murɗa shi kamar yana ɗaure noti, ya samu lambar da ransa ke so. Ɗan maɓallin ƙarshen nan mai yin ƙas-ƙas an sa shi ne don hannun kowa ya matsa daidai da na kowa. Ramin kuma ana auna shi da ma'aunin rami, sannan a karanta da maikiromita, kuma ba sau ɗaya ba: a auna tsaye, a auna kwance, a auna a baki, a auna a can gindi. Daga bambancin lambobin nan ne za ka san ko ramin ya yi ƙwai ko ya buɗe baki.

Akwai kuma zancen zafi, wanda ko wasu masu injin ba su damu da shi ba. Tun 1931 duniya ta tsayar da digiri 20 na ma'aunin Salshiyas a matsayin zafin da ake awon tsawo a kansa, don ƙarfe yana buɗewa in ya ɗumama. Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa kusan ninki biyu. Ramin milimita 37 a jikin alminiyam, in ya ƙara zafi da digiri 20 kacal, zai buɗe da kusan 0.017. Ka ga wanda ya gama yanka ya auna nan take, cibiya tana da ɗumi, ya auna ƙarya. In ta huce ramin ya tsuke, lissafinsa ya rushe. Ni nakan bar ta ta huce, maikiromitan ma ba na barin sa a rana ko in daɗe da shi a tafin hannu.

Gyaran gaskiya ba shi da wani sirri, haƙuri kawai yake ci. In buɗewar 'yar kaɗan ce kuma ramin bai ɓata siffa ba, akwai gam na musamman da aka yi don riƙe boris, yana wadatarwa. In ta wuce nan sai bushin, wato zoben ƙarfe da ake cusawa a ramin ya zama sabon mazaunin boris. A ɗaura cibiyar a bakin inji mai haƙora huɗu, wanda kowane haƙori ke tafiya shi kaɗai, a kafa agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna rawar abu in yana juyawa, a kan wurin da bai lalace ba, kamar mazaunin ɗaya boris ɗin ko cikin kwanon birki, a yi ta sassautawa ana matsawa har allurar ta kusa daina motsi in an juya. Wannan saitin yakan fi yankan kansa cin lokaci, kuma a nan ake gane mai aiki. Baki mai haƙora uku ya fi sauri, shi ya sa ake son sa, amma yana kama abu ne yadda ya ga dama. Sai a faɗaɗa ramin, bayan an duba cewa naman da zai rage a bango zai iya ɗauka, a sassaƙa bushin ya ɗan fi sabon ramin, a ɗumama cibiyar zuwa wajen digiri 100, inda ramin zai buɗe da kusan 0.07, bushin ya shige salin alin. Bayan ya huce ne ake yanka cikinsa zuwa awon ƙarshe. Wanda ya gama cikin bushin kafin ya sa shi ya yi aikin banza, don matsewar za ta tsuke shi. Abin da ake nema duka shi ne boris na dama da na hagu su kalli juna a kan layi ɗaya, kwanon birki ma ya bi wannan layin.

Sai ɗan bututun nan da ke zaune tsakanin boris biyu a cikin cibiya. Ƙaramin abu ne, shi ya sa ake raina shi. Na sha buɗe ƙafa in tarar babu shi, ko an maye gurbinsa da guntun bututun da aka yanka da zarto. Aikinsa shi ne in an ɗaure notin aksil, matsin ya bi ta zoben ciki, ya ratsa bututun, ya fita ta ɗaya zoben, ba tare da ya taɓa 'ya'yan boris ba. In ya gaza tsawo ko da ɗan abin da bai kai milimita ɗaya ba, duk ƙarfin da ka sa a sufana a kan 'ya'yan boris ya sauka ta gefe, inda ba a yi su don ɗauka ba. Alamarsa a fili take: ƙafa na juyawa sumul, ana ɗaure noti ta yi nauyi. Haka nan dukan sabon boris ta zoben ciki wajen sa shi a rami. Kowane bugu yana bi ta 'ya'yan ya bar 'yan tabo a hanyarsu, boris ya shiga aiki da ciwonsa. Ta zoben waje ake tura shi.

Aksil kuwa ba ya son dogon bayani. A ɗora shi a kan ƙarafa biyu masu tsagin V, a kafa agogo a tsakiya, a juya. Littattafan gyara na Honda da yawa sun sa iyakar lanƙwasa a 0.2 na milimita, kuma rabin abin da allura ta nuna ake ɗauka. Mirgina shi a kan tebur ba awo ba ne.

Wili mai wayoyi shi ne inda masu ido suka fi taƙama, kuma in ba su haƙƙinsu, akwai masu hannu a cikinsu. Amma ko gwani yana bukatar abin da zai faɗa masa gaskiya. Iyakar da littattafai da yawa suka bayar ita ce milimita 2, ko rawar gefe da gefe ko tsallen sama da ƙasa, kuma wannan iyakar a daina hawa ce. Mai gyara da agogo ya kamata ya sauko ƙasa da 1. Kafin a kwance wayoyi sai a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a gefen cibiya a auna nisansa da bakin wili a rubuta, don ba kowace ƙafa ce cibiyarta ke tsakiya cif ba. Wanda ya manta wannan zai ɗaure ƙafa ta miƙe tsaf, a sa ta a babur a ga tayar baya ba ta bin sawun ta gaba. Ana fara kashe tsallen sama da ƙasa, sannan a koma rawar gefe, rubu'in juyi rubu'in juyi, in ka matsa na wannan gefe ka sassauta na wancan. In allura ta yi ɗan tsalle a daidai inda aka yi waldar wilin, a ƙyale shi, haka aka ƙera shi. Mai bin wannan tsallen da sufana zai ɓata sauran. A ƙarshe a bi wayoyin da sufana ana ƙwanƙwasawa, wadda ta yi ƙara daban da 'yan uwanta ba ta ɗauki rabonta na nauyi ba. Kwanon birki ma, in zai sha yanka, sai bayan an ɗaure wayoyi, don jan wayoyin yana ɗan murɗa shi. Akasari akwai lambar iyakar faɗinsa a jikinsa. A ƙananan babura tazarar ba ta wuce milimita ɗaya ba, misali daga 110 zuwa 111.

Inda nake rabuwa da masu babur da yawa shi ne ƙafar zubi, wadda ba ta da wayoyi. In ta tsage ba na yi mata walda, in ta lanƙwashe sosai ba na sa mata wuta in buga. Alminiyam ɗin nan da zafi aka ba shi ƙarfinsa a masana'anta, wutar walda kuma tana zare ƙarfin a kewayen inda ta taɓa, ko da ɗinkin ya yi kyau a ido. Tsagar da ba a gani kuwa akwai hanyar fito da ita: a wanke wurin, a fesa jan ruwa mai shiga tsaga, a jira, a goge, a fesa farin hoda, sai jan layi ya fito a kan farin. Wasu in na nuna musu layin sukan ɗauki ƙafarsu su tafi wajen wanda zai yarda ya ɗinka. Ban da ikon hana su.

Roƙona biyu ne, Edita. Iyayen gidanmu masu yara a hannu, don Allah a koya wa yaro karanta maikiromita da kafa agogon awo tun kafin a sakar masa inji, a kuma saba masa da rubuta lamba a takarda kafin yanka da bayan yanka. Masu babur kuma, in an ce muku an gyara ƙafa, ku tambaya nawa ramin ya auna, nawa wilin yake rawa yanzu. Ku sa a ɗaga ƙafar, a ɗaure notin aksil yadda za a hau, ku juya ta da hannunku, sannan ku kama taya sama da ƙasa ku girgiza ta gefe. In kun ji ɗan ƙwas, kada ku karɓa.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Mai sassaƙa ƙarfe, kuma mai karanta jaridarku.