Ba ku tambaye shi ranar da za a kwashe sharar ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na rediyo na daren Lahadi a kan sharar nukiliya ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma ba zan ɓoye muku ba. Kun bar wa masanin da kuka gayyato kusan dukkan lokacin shirin, ya yi ta nanata cewa rashin sani ne ke sa mutane tsoron sharar nukiliya. Da wata baiwar Allah ta bugo waya ta tambayi ranar da za a kwashe sharar daga kusa da gidajensu, sai mai gabatarwa ya katse ta, wai lokaci ya ƙure. Bai ko maimaita wa baƙon tambayar ba. Alhali duk abin da aka faɗa a daren, babu wanda ya kai tambayarta nauyi.

Ni ina cikin mutanen da baƙonku ya kira matsorata. Na daɗe ina zaune kusa da wata tashar nukiliya da aka rufe, a nan 'ya'yana suka girma, kuma maƙwabtana da yawa a cikinta suka yi aiki har suka tsufa. Lokacin da take ba da wuta ba mu taɓa ɗaga mata kwali ba. Da aka sanar da rufe ta, aka tara mu a babban ɗakin taro, aka haska mana hoton fili kore shar, babu gini babu bututu, aka ce haka wurin zai koma idan an gama rushewa. Wani dattijo da ya yi aikin walda a tashar ya ɗaga hannu ya ce, to sandunan makamashin da aka gama amfani da su fa, ina za su? Aka ce za su zauna a nan na wucin gadi, har gwamnati ta gina ma'ajiyar dindindin. Ya ce yaushe? Mutumin kamfanin ya dubi na gwamnati, na gwamnati ya dubi takardunsa. Dattijon nan ya rasu, Allah ya jiƙansa, ba a ba shi amsa ba.

Yau idan ka bi hanyar da ta wuce ta gefen wurin, za ka tarar an rushe gine-gine da yawa, gaskiya ne. Amma daga can gefe akwai wani faffaɗan dandamalin kankare, an kewaye shi da shingen waya ninki biyu, da fitilu, da kyamarori, da masu gadi ɗauke da bindigogi dare da rana. A kansa manyan tukwanen ajiya ne a jere, farare, kowace ta fi tsayin ɗaki nesa ba kusa ba. Suna da ƙofofin iska a ƙasa da sama, domin abin da ke ciki har yanzu yana fitar da zafi: iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, ta fito da ɗumi ta sama. Wannan shi ne filin koren da aka nuna mana.

Baƙonku ya ce tukwanen suna da ƙarfi, kuma tururin nukiliya (wato radiyeshon) da ke isa bakin shinge bai kai ya cutar da kowa ba. Ban musa masa ba. Ranar da aka buɗe wa jama'a wurin, da hannuna na riƙe na'urar auna tururin, na ga abin da ta nuna. Babu wanda ya ce masa muna tsoron tukunyar za ta fashe gobe da safe. Abin da ke hana mu barci shi ne an ajiye mana kayan da ba su da ranar tafiya, a cikin mazubin da aka yi shi domin 'yan shekaru. A Amurka lasisin irin wannan ajiya ba ya wuce shekara 40, sai dai a sabunta. Sinadarin Siziyom-137 mai fitar da tururin nukiliya da ke cikin sandunan sai ya shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Sinadarin Fulutoniyom-239 kuwa sai ya haura shekara 24,000. Ku ɗora waɗannan alƙaluma kusa da juna, sannan ku gaya mini ko jahilci ne ya sa uwa ta tambayi rana.

Akwai kuma abin da baƙonku ko kusa bai taɓo ba. Sandunan nan idan aka ciro su daga tukunyar tasha, wato inda suke samar da zafin da ake mayarwa wutar lantarki, a cikin tafkin ruwa mai zurfi ake fara jiƙa su shekaru da dama har zafinsu ya ragu, ruwan kuma yana tare tururin. Bayan haka ake zuba su a kwanson ƙarfe, a like bakin da walda, a saka a tukunyar kankare. To idan an rushe tasha, har da tafkin ake rushewa. In wata rana aka ga tsatsa ta ci wani kwanso, ko ya tsage, a ina za a buɗe shi a sauya masa mazubi? Mun yi wannan tambaya a taro ba sau ɗaya ba. Kullum amsar ita ce da wuya hakan ta faru, in ma ta faru za a san yadda za a yi. Wanda zai kwana da abin a bayan gidansa, wannan amsa ba ta ishe shi ba.

Kada ku ce mu kaɗai ne, ko kuwa ƙasar da muke ce ta gaza. Ku dubi Amurka da duk arziƙinta. Tun 1982 ta kafa doka kan sharar nukiliya, gwamnatin tarayya ta ɗauki alkawarin fara karɓar sandunan daga hannun kamfanoni a watan Janairun 1998. A 1987 aka ware dutsen Yucca a jihar Nebada domin a binne su a cikinsa. Mutanen jihar suka ce ba su yarda ba, aka yi ta ja-in-ja, aka kashe biliyoyin daloli, daga ƙarshe a zamanin Obama aka daina ba aikin kuɗi. Har yau babu ma'ajiyar. Sandunan da suka taru a ƙasar sun kai kimanin tan 90,000, suna zube a tashoshi daban-daban, gwamnati kuma tana biyan kamfanoni diyyar saɓa alkawari daga kuɗin masu biyan haraji. Tashar Maine Yankee ta daina aiki tun 1996, an gama rushe ta a 2005, amma tukwane 64 suna nan tsaye a garin Wiscasset ana gadinsu. Yaron da aka haifa ranar da tashar ta daina ba da wuta yau magidanci ne. Mun gaji da gafara sa, ba mu ga ƙaho ba.

Baƙonku ya kuma ce sharar ba ta da yawa, wai in aka tara ta wuri guda ba za ta ci wani fili mai girma ba. Wa ya yi masa maganar yawa? Maganar amana muke yi. A Jamus, tsakanin 1967 da 1978, an zuba ganguna kusan 126,000 na sharar nukiliya a tsohon ramin haƙar gishiri na Asse, aka tabbatar wa mutanen yankin cewa wurin busasshe ne, babu abin da zai same shi. Daga 1988 ruwa ya fara tsiyayowa cikin ramin. A 2013 sai da majalisar ƙasar ta yi doka cewa a tono gangunan a fito da su, aikin da zai ci shekaru masu yawa da kuɗi maƙudai. Masana ne suka ce wurin ya yi, ba 'yan kasuwa ba. A jihar New Mexico ta Amurka, a watan Fabrairun 2014, wata ganga ta fashe a ƙarƙashin ƙasa a ma'ajiyar sharar makaman nukiliya, saboda an sauya abin da ake zubawa ya tsotse danshi a cikin gangar da wani iri wanda bai dace ba. Kuskure ƙarami irin na ɗan Adam, amma sai da aka rufe wurin kusan shekara uku. A tashar San Onofre ta Kalifoniya kuwa, wadda aka rufe a 2013 kuma aka ajiye sandunanta daf da bakin teku, a watan Agustan 2018 wani kwanso cike da sanduna ya maƙale ana cikin saukar da shi rami, ya rage kaɗan ya faɗo. Jama'a ba su ji labarin ba sai da wani ma'aikaci ya miƙe a taron al'umma ya faɗa da bakinsa.

Duk waɗannan a rubuce suke, ba sirri ba ne. Ko mai gabatarwarku bai karanta ba, ko ya karanta ya ji nauyin baƙonsa. Ko wanne ne, masu sauraro aka cuta.

Sannan babu wanda ya yi maganar abin da ke samun gari bayan an kashe injin. Ma'aikata suna watsewa da iyalansu, harajin da tashar ke biya wanda ake tafiyar da makarantu da gyaran hanyoyi ya ragu sosai. Maƙwabciyata, mijinta ya rasu ya bar mata gida, ta so ta sayar ta koma kusa da 'yarta. Masu saye suna zuwa, su yaba gidan, su leƙa ta tagar bene su hango fitilun shingen nan, su ce za su yi shawara. Ba su dawowa. Filin da tashar take kai ma ba a iya sakinsa gaba ɗaya a yi wani abin amfani, tun da dole a bar dandamalin da kewayensa. Wutar da aka samar ta tafi manyan birane ta haskaka su shekara da shekaru, mu kuma aka bar mu da gadin abin da ya saura. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta a ƙofar gidanmu. Kuma aikin rushewar kansa ba na kwana kusa ba ne. Dokar Amurka ta ba kamfani damar ɗaukar har shekara 60 kafin ya kammala. A Sellafield ta Ingila, hukumomi da kansu suna cewa aikin tsabtace wurin zai kai wajen shekarar 2125. Jikokin jikokinmu ne za su ga ƙarshensa.

Ni ba maƙiyin makamashin nukiliya ba ne, kuma ban rubuto don a rufe wata tasha ba. Na san ana iya yin abin yadda ya kamata, domin an yi. A Finland, doka ta ba ƙaramar hukumar Eurajoki ikon ta ce a'a, kuma in ta ce a'a magana ta ƙare. Aka zauna da mutanen, aka buɗe musu sakamakon binciken dutsen, majalisarsu ta amince a shekarar 2000, majalisar ƙasa ta tabbatar a 2001, aka fara haƙa ramin Onkalo a 2004. Zurfinsa ya haura mita 400 a cikin dutse, sandunan za su shiga kwanson tagulla, a kewaye shi da wani irin yumɓu mai kumbura idan ya sha ruwa, an tsara wurin ya riƙe su shekara 100,000. Ku kwatanta da Gorleben ta Jamus, inda aka zaɓi wurin daga sama a 1977 ba tare da jin ta bakin mazauna ba. Manoma suka yi ta tare hanya da taraktocinsu shekara da shekaru, daga ƙarshe a 2020 aka cire wurin daga jerin waɗanda ake dubawa, bisa dalilin yanayin ƙasarsa. Mutanen da aka daɗe ana kira masu taurin kai, ashe tambayarsu tana kan hanya. Baƙonku ya ambaci Finland sau ɗaya a guje, a matsayin hujjar cewa an warware matsalar, bai faɗi cewa mutanen can an ba su wuƙa da nama kafin a taɓa ƙasarsu ba. Mu ba a taɓa tambayarmu ko mun yarda a bar mana sandunan ba. Sanar da mu aka yi.

Don haka ina roƙonku da ku sake shirin. Ku dawo da masanin, ba ni da matsala da shi, ya san aikinsa. Amma ku zaunar da wani mazaunin irin wannan wuri kusa da shi, ku ba su lokaci daidai wa daida. A tambaye shi ƙarara: wace shekara, zuwa ina, wa zai biya idan kamfanin ya karye kafin lokacin, kuma wa ke duba kwansunan nan ban da kamfanin da ya saka su. In bai san amsa ba ya ce bai sani ba, za mu fi ganin girmansa. Abin da ba za mu lamunta ba shi ne gidan rediyon da muka amince da shi ya taimaka a mai da damuwarmu abin tausayi.

Wani abu kuma da na daɗe ina son faɗa muku: kiɗan nan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryoyin masu magana ya yi ƙara da yawa. Mahaifiyar 'ya'yana kunnenta ya fara nauyi, rabin hirar ba ta ji, sai na riƙa maimaita mata, kafin na gama an wuce wani batun. Tun da kuka sauya fasalin shirin abin ya ƙaru, musamman idan mai magana ta waya yake. Don Allah ku gaya wa masu haɗa sauti su rage shi, ko su cire shi gaba ɗaya lokacin da mutane ke bugo waya.

Wassalam.

Naku, mai sauraronku na kullum.