Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Ahmad Aliyu: A Cire Hannun Gwamnati Daga Mumbari

Assalamu alaikum, mai girma Gwamna. Allah ya taimake ka, ya yi riƙo da hannunka.

A kan alawus ɗin da gwamnatinka ke biyan limaman Juma'a da na'ibansu da ladanai duk wata nake son magana. Na san wasu za su ce ina baƙin ciki da malamai. Allah ya sani ba haka ba ne. Liman mutum ne mai iyali, shi ma yana awo, yana biyan kuɗin magani. Damuwata hannun da ke miƙa masa kuɗin, da kuma abin da ke samun harshensa bayan ya karɓa.

Ban ce ka taɓa kiran wani liman ka ce ya yi shiru ba. Ba sai ka kira ba, ranka ya daɗe. In baki ya ci, ido kan ji kunya. A watan Agustan 2024 'yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan duk duniya ta ga bidiyonsa yana roƙon a cece shi. A masallacin da nake Juma'a na zauna a sahu na biyu, kusa da wani dattijo ɗan gudun hijira daga yankin Sabon Birni, takalmansa a hammata, muna jiran liman ya faɗi wani abu. Aka yi huɗuba a kan haƙuri da biyayya ga shugabanni, aka shafa. Dattijon ya daɗe zaune bayan sallama, bai ce uffan ba. Wannan limamin, na san shi da baki, na sha jin sa yana tambayar masu mulki ina ruwan famfo, ina albashin malaman firamare. Yanzu sai ya kewaye. Shin liman nawa ne zai iya tsayawa ranar Juma'a ya ce gwamnati ta gaza a ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, alhali ƙarshen wata yana jiran saƙon banki daga gwamnatin?

Kai ɗan Sakkwato ne, ba sai an karanta maka tarihin Magami ba. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a filin Idi a Magami, ya fito da kyaututtuka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ce ba ya bukatar dukiyarsa. Abu biyar ya nema: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana mai son amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Da ya miƙa hannu ya karɓi zinariya, da wane baki zai nemi a rage haraji? Kuma mun san abin da ya biyo baya da fada ta ɗauki addini a matsayin abin da take iko da shi. Sarkin Gobir Nafata ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana rawani da lulluɓi, ya ce wanda bai gāji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa. Ƙarshenta hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Mu aka fara yi wa wannan danniya, bai kamata a ce a garin Shehu ne malami ke kallon fuskar mai mulki kafin ya buɗe baki ba.

Ranar 29 ga Mayu 2023 ka riƙe Alƙur'ani ka rantse za ka kare tsarin mulkin 1999. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin addininsa. Kuɗin da ke baitulmali akwai harajin ɗan Izala da ɗan Ɗariƙa, akwai na Kiristan da ke da shago a titin Emir Yahaya. Kai gwamnansu ne duka.  

Don Allah, mai girma Gwamna, ka dubi abin nan tun kana kan kujera. Kujerar ba ta kowa ba ce har abada, kuma wanda zai gaje ka zai tarar da jerin sunayen limamai da lambobin asusunsu a kan tebur. Ba ka san abin da zai yi da su ba ranar da wani ya soke shi a huɗuba.

Ka ce mana in kuɗi kuɗi, in aiki aiki. Ga aikin da nake roƙo: a kai ƙudiri majalisar dokoki, a mayar da tallafin limamai ƙarƙashin waƙafi mai cin gashin kansa, wanda attajirai da jama'a za su zuba wa dukiya, amintattu daga kowane ɓangare su riƙe shi, ba tare da gwamna ko kwamishina na iya saka suna ko goge shi ba. Naɗa liman da sauke shi kuma a bar wa jama'ar masallaci da Majalisar Sarkin Musulmi. Muna da hukumar zakka da waƙafi a jihar nan, ana iya farawa daga can a wannan zangon majalisa.

Wassalam.
Wani malamin makaranta, Mabera, Sakkwato.