Labarin kurman da ya yi shekara 14 yana buga besbol a Amurka

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gajiya, ya aiki da jama'a. Ni mai karanta jaridarku ne daga nan Damagaram, kuma yau ƙorafi na kawo kan shafin wasanni, kullum Real Madrid kullum Barcelona, in an ga dama a ɗan taɓa kokawa lokacin da ake neman takobi shikenan. Ban taɓa ganin layi ɗaya kan kurame ba.

Abin da ya sa na yi magana, ɗan ƙanwata ne. Sanƙarau ya kama shi yana ƙarami, irin wanda ke zo mana in zafi ya tsananta, Allah ya tashi kafaɗunsa amma kunne ya tafi. Yanzu shekararsa 15, in ya tsaya gola a filin unguwa sai ka rantse da Allah hannunsa da danƙo, toh na kai shi wajen wani mai horar da yara, mutumin ko minti biyar bai kalle shi ba ya ce min wai yaron da bai jin usur yaya zai yi da shi. Muka hau kabu-kabu muka dawo, yaron bai ji me aka faɗa ba amma ya gane, tunda fuska yake karantawa.

Shi ne na tuna da William Hoy. Besbol ba wasanmu ba ne, na sani, a takaice dai wani ya jefo ƙwallo wani ya maka mata sanda ya ruga ya zagaya tasha huɗu ya dawo gida kafin a taɓa shi, akwai kuma mutum uku da ke tsaye can ƙarshen fili suna jiran su cafe ƙwallon da ta yi nisa su wurgo ta. Hoy na tsakiyarsu ne. An haife shi 1862 a wani ƙauye a jihar Ohio, kuma ciwon da ya kashe masa kunne yana ɗan yaro shi ne dai wannan sanƙarau namu, wallahi da na fara sanin haka sai da jikina ya yi sanyi. Bambancin kawai shi an kai shi lakwal ta kurame a Columbus, ya fito na ɗaya a ajinsu, ya koyi ɗinkin takalma ya buɗe shagonsa, baduku ne sosai kaman waɗanda muke gani a kasuwar Dole, ƙarshen sati ya je ya buga wasa da samarin gari.

A 1886 ya fara wasan kuɗi a Oshkosh, 1888 ya shiga babban lig da kulob ɗin Washington, kuma a shekarar farkon nan ya fi kowa a lig ɗin satar tasha, sau 82, wato ya faki idon mai jifa ya sheƙa zuwa tasha ta gaba. Gajere ne ba shi da jiki, sai gudu da ƙarfin dantse. Ranar 19 ga Yuni 1889 daga can bayan fili ya wurgo ƙwallo har gida ya fitar da mutum uku a wasa ɗaya. Kuma ku duba, wurin da yake tsayawa wuri ne da 'yan wasa ke yi wa juna ihu kar su yi karo in ƙwallo na sama, shi da alkalin wasa ma bai jin me ya yanke sai wani nasu ya tsaya gefe ya nuna masa da hannu. Wasu na cewa daga nan alkalai suka samo nunin hannu da suke yi har yau, masu tarihi na gardama a kai, ni ba ruwana da wannan, abin da ya tsaya min a rai shi ne kulob ɗin ne ya gyara kansa don yaron, ba a ce masa ya koma gida ba.

Laƙabinsa a turance ma'anarsa bebe, haka jaridu ke kiransa, irin yadda mu ma muke ce wa yaro "kai bebe zo nan" ko sunan yanka ba mu tambaya. Ya buga wa Cincinnati da Louisville da Chicago, ya bar babban lig a 1902 da bugu mai kyau sama da 2,000, a shekarar ne ma ya fuskanci wani mai jifa Luther Taylor shi ma kurma. Ya auri malamar kurame, ya yi kiwon shanun madara. A 1961 yana da shekara 99 aka gayyato shi ya yi jifan buɗe wasa a gasar ƙarshe a Cincinnati, watan Disamba na shekarar ya mutu.

Don Allah Malam Edita ku turo wakilinku na Zinder ya zagaya filayen unguwanni da la'asar ya ga yaran nan, ya tambayi masu horarwa ko ɗaga ƙyalle tare da busa usur zai ci musu ko dala. Ni dai na sayo wa ɗana jan ƙyalle, ranar Asabar za mu gwada wani kulob ɗin.

Naku,
Wani mai karatu daga Birni, Damagaram