Murar hunturu tana iya taɓa zuciya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafinku na wasiƙu saboda hunturu ya kama, kowane gida ka shiga sai tari da atishawa. Mun saba cewa "ai mura ce", a dafa citta da kanumfari a sha a kwanta. Ga mai ƙoshin lafiya galibi hakan ya wadatar. Amma ga mai hawan jini ko ciwon suga, da dattawanmu, mura mai zafi irin ta infuluwenza tana iya kaiwa ga zuciya.

A shekarar 2018 masu bincike a lardin Ontario na Kanada sun gano cewa a makon farko bayan an tabbatar mutum ya kamu da infuluwenza, haɗarin toshewar jijiyar zuciya yana ninkuwa kusan sau 6. Yadda abin ke faruwa ba wuya a fahimta. Zazzaɓi yana sa zuciya gudu, huhun da ya cika da majina kuma ba ya ba jini isasshiyar iskar oksijin, sai aikin zuciya ya ƙaru, iskar da take samu kuma ta ragu. Yaƙin da jiki ke yi da ƙwayar cutar yana kumbura bangon jijiyoyin jini, jinin ya riƙa saurin daskarewa. Idan dama kitse ya daɗe da taruwa a jijiya, wannan kumburin na iya fasa shi, gudan jini ya toshe hanya. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. A lokacin korona likitoci sun sha ganin irin wannan gudan jinin a huhu da ƙafafun marasa lafiya.

Matasa ma ba su tsira ba. Wani lokaci ƙwayar cutar kan kumbura tsokar zuciyar kanta, shi ya sa bai kamata saurayi ya koma filin ƙwallo ko dako da zazzaɓi a jikinsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen magani a kemis kai tsaye. Yawancin magungunan buɗe hanci suna matse jijiyoyi su ɗaga jini, magungunan rage ciwo irin su ibuprofen da diclofenac kuma suna riƙe ruwa da gishiri a jiki, wanda haɗari ne ga mai raunin zuciya. Wasu ma sukan ajiye maganin hawan jininsu wai har sai mura ta wuce. Don Allah a daina, a tambayi likita tukuna.

Duk wanda mura ta kama ya ji nauyi ko zafi a ƙirji, ko haki da ɗan tafiya, ko kasa kwanciya sai ya jingina, ko kumburin ƙafa, ko bakinsa ya karkace, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.

Ina roƙonku ku nemi likitan zuciya ya yi wa masu karatu bayani kafin sanyin ya wuce, ya kuma faɗa mana inda dattijo zai samu allurar rigakafin mura a ƙasar nan.

Naku,
Mai karatunku daga Zariya