Nisan Yamai da Jidda, da Abin da Ya Rage a Lissafin Alhajin Maraɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan tazarar da ke tsakanin filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wadda ake faɗa wa maniyyata cewa kusan kilomita 4,000 ce.

Lissafin daidai ne, sai dai na hanya mafi gajarta ne a kan doron ƙasa, wadda ke ratsa Nijar da arewacin Chadi da Sudan kafin ta tsallake Bahar Maliya. Jirgin fasinja da ke cin kilomita 800 zuwa 900 a awa zai gama ta cikin awa biyar ko kusa da haka. Amma jirgi ba ya bin wannan layi sak, domin akwai hanyoyin sama da aka shata masa, iska kuma takan taimake shi ko ta tare shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilun 2023, jirage da dama suna kewaye sararin samaniyar ƙasar, wanda ke ƙara nisa da man da ake ƙonawa. Ga kuma agogon Saudiyya da ya riga namu da awa biyu, abin da ke sa wasu dattawa, in sun dubi tikiti, su ɗauka tafiyar awa bakwai ce.

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan kilomita 4,000 ba ita ce tafiyar mutumin Maraɗi ba. Jidda tana gabas da mu, Yamai tana yamma. Maniyyacin da zai tashi daga Yamai sai ya fara shiga mota ya yi kusan kilomita 660, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, yana juya wa alƙibla baya yini guda cur, sa'annan jirgi ya ɗauko shi ya sake nufo gabas da shi. Alhali daga Maraɗi zuwa Jidda kai tsaye kimanin kilomita 3,500 ne, wato mun fi babban birni kusa da wajen kilomita 500. Mutanen Damagaram da Diffa kuwa tasu wahalar ta ɗara tamu. Galibin masu wannan tafiya tsofaffi ne, wasu da ciwon ƙafa ko hawan jini, kuma ɗawafi da sa'ayi na jiran su.

Na san ba da fatar baki ake tayar da babban jirgi ba. Wanda ya ɗauki ɗaruruwan mutane da man tafiya mai nisa yana buƙatar titin tashi mai tsawon kusan kilomita uku, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu, inda iska ba ta da kauri sosai. Ana kuma buƙatar rumbun mai, da motocin kashe gobara, da jami'an duba fasfo.

Saboda haka nake kira ga hukumomin aikin hajji da na sufurin sama su auna filin jirgin Maraɗi da waɗannan sharuɗɗa, su bayyana wa jama'a abin da ya cika da abin da ya saura, da kuɗin da aikin zai ci. In babban jirgi bai samu ba tukuna, a tanadi ƙananan jirage da za su riƙa kai tsofaffin maniyyata Yamai a lokacin jigila.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Maraɗi