Amsa ga ɗalibar da ta tambaye ni ma'aunin kimiyyar Nijeriya

Assalamu alaikum 'yata,

Kin bugo waya a filin rediyon da aka gayyace ni nan Jos, kika ce hukumomin kimiyya sun cika Abuja, to da me za a gane ko suna tsinana wa ƙasa wani abu? Lokaci ya ƙure kafin in amsa miki, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Masana sukan fara da kuɗi. Tarayyar Afirka ta nemi kowace ƙasa ta ware wa bincike kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara. Mu ko rabin haka ba mu kai ba, alhali Koriya ta Kudu ta haura kashi 4. Daga nan sai su ƙirga masu bincike da takardun da suka wallafa. Ban raina wannan lissafi ba. Hukumomi da manufofi kuwa akwai su birjik: ma'aikatar kimiyya tun 1980, manufar ƙasa ta farko a 1986, NASENI, hukumar samar da kayan aikin kimiyya da injiniya, a 1992, tauraron ɗan'adam na farko a 2003.

Ni abin da nake dubawa shi ne hanyar da ta tashi daga ɗakin gwaji zuwa hannun mai buƙata. Tana biyuwa, ko ta yanke a tsakiya?

Ba sai kin je Abuja ba, ga Vom nan kusa da mu. Tun 1924 ake binciken cututtukan dabbobi a can, kuma da hannunsu a yaƙin da aka yi da bushiya, cutar da ta riƙa share garken Fulani, har aka tabbatar ta ƙare a duniya a 2011. Wannan aiki ya ci nasara ne saboda akwai mai haɗa allura, akwai mai ɗaukarta cikin ƙanƙara, akwai kuma malamin dabbobi da ke takawa har ruga. Yau Vom tana yin rigakafin kaji mai jure zafi, ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido. To ki leƙa gidan wata tsohuwa mai kaji goma a ƙauyen Mangu. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajinta, sai an sami wanda zai tara na maƙwabta a yi musu rana ɗaya. In babu shi, sanyin hunturu na shigowa annoba ta faɗa wa kajin, tsohuwar ta wayi gari akurki ba motsi, ga maganin kuwa a cikin jiharta. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Haka aka yi da Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta Idu ta haɗa daga tsirran gida. Aka ba wani kamfanin Amurka lasisi, kamfanin ya durƙushe, maganin ya yi shekaru ba a ganinsa a kanti. Masu bincike sun sauke nauyinsu, mai jari da mai masana'anta ne aka rasa.

Inda hanyar ta ɓulle kuwa kowa ya shaida. Irin waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019 yana jure tsutsar da ke huda kwanso, kuma ya rage wa manomi yawan feshi.

Saboda haka in da ni za a ba aikin auna hukumomin nan, ba zan tsaya kan yawan taron bita ko sabbin gine-gine ba. Zan tambayi kowacce ta kawo abin da ta ƙirƙira wanda ake sayarwa a kasuwa yau, da sunan masana'antar da ke yinsa, da adadin waɗanda ya isa hannunsu. Zan kuma tambayi nawa ne ya rage wa ɗakin gwaji bayan an biya albashi.

Ke ma kina iya fara wannan awo tun kina makaranta. Akwai tashar binciken dankalin Turawa a Kuru, akwai manoman Bokkos da cutar ƙunar ganye ke cinye musu gona da damina. Ki zauna da su ki ji irin da suke shukawa, a ina suka samo shi, kuma yaushe rabonsu da ganin malamin gona.

Wassalam,
Wani tsohon malami, Jos