Masu hasashen makamashi ba bakinsu ɗaya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin jan hankalin masu tsara mana manufofin makamashi, waɗanda kan ce "masana sun yi hasashe" kamar masanan bakinsu ɗaya.

Rahoton 2022 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tattara hasashe sama da 1,200 kan makomar makamashi da yanayi daga manhajojin kwamfuta daban-daban, irin su REMIND ta Jamus, IMAGE ta Holan, GCAM ta Amurka da AIM ta Japan. Ko waɗanda suka nufi buri ɗaya, wato tsayar da ɗumamar duniya kusa da digiri 1.5 da aka ambata a yarjejeniyar Paris ta 2015, hanyoyinsu sun sha bamban. Wani hasashen ya jingina da hasken rana da iska, wani ya ba nukiliya babban gurbi, wani kuma ya dogara da noma tsirrai a ƙona su a samu lantarki, sannan a kama hayaƙin a binne shi a ƙarƙashin ƙasa.

Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar mini da hankali, domin yana buƙatar miliyoyin hekta na gonaki. Duk wanda ya san ƙauyukan jihar Maraɗi ya san yadda gona ke ƙanƙancewa a kowane rabon gado, ya kuma ga manomi yana sassabe yana kewaye tohon gawo, don ganyensa ya zama taki, ƴaƴansa su ciyar da awaki da rani. Gonar wa za a ɗauka a shuka makamashi?

Sai batun kuɗin ruwan bashi. Rahoton ya nuna farashin lantarkin rana ya faɗi da kashi 85 cikin ɗari daga 2010 zuwa 2019, amma kusan dukkan kuɗin tashar rana tun farko ake zuba su, saboda haka ruwan bashi ne ke yanke hukunci. Manhajoji da dama sun daɗe suna lissafi kamar ruwan ɗaya ne a ko'ina, alhali mai gina tasha a Afirka yakan biya ninki biyu ko fiye na abin da Bajamushe ke biya. REMIND kuwa, a rabonta na yankuna 12, ta haɗa ƙasashen kudu da Sahara wuri guda. Nijar, inda kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki kuma akasarin gidaje da itace suke girki, ta faɗa kwando ɗaya da Afirka ta Kudu mai tashoshin kwal.

Ban ce a yi watsi da manhajojin ba, suna da amfani ƙwarai. Amma tun da Najeriya ta katse mana wuta a watan Agustan 2023 muka ga tsadar dogaro da kafa ɗaya. Ina roƙon ma'aikatar makamashi ta Nijar, kafin ta rungumi wani hasashe, ta ba malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da takwarorinsu na Yamai dama su gwada shi da wasu, su duba ruwan bashin da aka sa da faɗin gonakin da aka ware.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Maraɗi